Baje kolin Landan na 1886: Indiya zuwa ta yi ko kai ta aka yi?

Abba Kurmi: Jama'a ni fa raina a ɓace yake, jiya na saka maganar nan ko mutum ɗaya bai tanka ba, amma da hoton biki ne da tuni an cika wajen. A 1886 Turawan Ingila sun shirya baje kolin ƙasashen da suke mulka a Landan, unguwar South Kensington, Sarauniya Victoria da kanta ta buɗe shi ran 4 ga Mayu, kafin a rufe a Nuwamba mutum sama da miliyan 5 sun shiga kallo. Indiya ce ta fi kowa fili, har masu sana'a 34 aka kawo, masaƙan darduma da magina tukwane da masu aikin tagulla, suna zaune a tsakar gida suna aiki Turawa na zagaye su suna leƙe. To yawancinsu daga gidan yarin Agra aka kwaso su, shugaban gidan yarin Dakta John Tyler shi ya rako su. Ni abin da nake cewa Indiya ba zuwa ta yi ba, kai ta aka yi, bayi aka baje aka ce wai kasuwanci ne.

Malam Sani: Abba gyara zancenka. Ba bayi ba ne, fursunoni ne. An soke bauta a dokar Indiya tun 1843.

Abba Kurmi: Malam da girmanka, wanda aka ɗauko daga kurkuku aka loda a jirgin ruwa ba shi da ikon cewa a'a, me sunansa?

Malam Sani: Sunansa fursuna. Bawa ana sayar da shi ana gadonsa, ɗansa ma bawa ne, wa ya sayi waɗannan? Shekara nawa nake koyar da tarihi, wannan sakin bakin naku na yaran yanzu shi ke sa ba a ɗaukar mu da muhimmanci.

Bilkisu Zariya: Malam ai ba aji muke ba 😂 an gane abin da yake nufi

Ɗan Fage: Ba a gane ba wlh. Idan duk fursunan da aka koya wa sana'a bawa ne to masu kafinta da ɗinki a gidajen yarinmu ma bayi ne kenan? Ƙanin abokina a can ya koyi walda yanzu yana da shagonsa da yara uku.

Bilkisu Zariya: An kai ƙanin abokin naka Ingila an zaunar da shi ana biyan kuɗin ƙofa ana kallonsa?

Ɗan Fage: Da an kai shi ai da gudu zai tafi, biza kyauta

Hajiya Ummi: Allah ya shirye ka. Ni dai abin da na sani Sarauniya ta sa wani mai zane Rudolf Swoboda ya zana wasu daga cikinsu, hotunan suna gidanta na Osborne har yau, akwai wani tsoho maginin tukwane a ciki da aka ce ya haura shekara 100. Ba a yi wa bawa wannan karramawar.

Abba Kurmi: Hajiya ai doki ma ana zana shi a rataye a falo.

Hajiya Ummi: Kai ɗan nan ba ka da kunya, ni kake yi wa baƙar magana?

Abba Kurmi: Allah ya ba ki haƙuri Hajiya, ba da ke nake ba.

Nura Damagaram: Ku kun tsaya kan Indiya saboda son fim ɗinsu ya hana ku sakat, Najeriya ma fa ta je wannan baje kolin ba wanda ya ambata.

Malam Sani: Wace Najeriyar a 1886? Sunan ma sai 1897 'yar jaridar Ingila Flora Shaw ta kawo shi, haɗewa kuma 1914. Legas ce ta je, tare da Gold Coast (Ghana ta yanzu) da Saliyo da Gambiya, kuma a shekarar ce ma aka raba Legas da Gold Coast ta zama gashin kanta ƙarƙashin Turawa. Mu a lokacin Sarkin Musulmi Umaru ɗan Aliyu ke mulki a Sakkwato, Muhammadu Bello a Kano, Bature bai ci Kano ba sai 1903.

Nura Damagaram: To Malam ni ba ɗan ƙasarku ba ne, ku ji da ita.

Ɗan Fage: Shi ya sa ka yi shiru, ku da Faransa ta riƙe wa wuya har jiya jiya.

Nura Damagaram: Mu dai mun kore su, ku fa?

Bilkisu Zariya: Admin don Allah ka shigo an fara

Abba Kurmi: Kun gani ko, ni tambayata wa ya ci ribar, masaƙin ko Tyler? Bayan nan ma fursunonin Agra su suka saƙa katafariyar dardumar da ke shimfiɗe a fadar Windsor, nawa aka ba su? Ba mai amsawa.

Malam Sani: Ka fara janye kalmar tukuna.

Abba Kurmi: Ba zan janye ba.

Hajiya Ummi: Sarakunan Indiya ma fa da kuɗinsu suka shiga, Sarkin Jaipur shi ya biya aka sassaƙa wata babbar ƙofar katako aka kai, tana garin Hove na Ingila yanzu. Shi ma bawa ne?

Abba Kurmi: Bawan ne mai rawani.

Ɗan Fage: A'a kar ka taɓa mana sarauta, wannan kuma wata rigimar ce.

Admin (Kawu Lawan): To ya isa haka. Na karanta daga sama har ƙasa, abin da ya fito fili shi ne Malam Sani ya kawo shekaru da sunaye kuma kowa ya gamsu cewa fursunoni ne, Malam shi ya koyar da ni a sakandare na san ba ya magana sai da hujja. Abba yana da ƙoƙari amma zafin kai ya yi masa yawa kuma ya koyi yi wa manya magana. Maganar Nijar da Najeriya an rufe, wanda ya sake tayar da ita zan cire shi.

Bilkisu Zariya: Kawu "kowa" ɗin su waye? Ni ban gamsu ba.

Admin (Kawu Lawan): Na rufe sharhi sai bayan Isha'i.