Farfesa mai h-index 68 ko matashiya mai 19: wa zan bi?

Ummu Sadiq: Assalamu alaikum yayyena. Ɗakunan bincike biyu a Jamus sun amince su ɗauke ni digiri na uku kan ƙwayoyin garkuwar jiki. Na farko farfesa ne, h-index ɗinsa (lambar da ke auna yawan ambaton takardun bincikensa) a Google Scholar 68, aikinsa kan ƙwayoyin T. Ta biyu matashiya ce, nata 19, tana aiki kan niutirofil (wani nau'in fararen ƙwayoyin jini), ɗakin nata bai wuce shekara huɗu ba. Kuɗin tallafin ɗaya ne. Litinin zan ba da amsa.

Ɗan Lab: Wa alaikumus salam. Bi farfesa kawai, ƙanwata. 68 da 19 ai ba a haɗa su.

Anti Likita: Ba haka ake karanta shi ba. 68 na nufin yana da takardu 68 da aka ambaci kowace aƙalla sau 68, kuma lambar ba ta raguwa, sai dai ta ƙaru da shekaru kamar furfura. Ummu, buɗe shafinsa ki jera takardun bisa shekara, ki ɗauki na shekara biyar na baya-bayan nan. Fitar da na bita, masu taƙaita binciken wasu, don su ake yawan ambata. Fitar da na taron dangi, irin jagororin fulo saitometiri (tantance ƙwayoyi da inji) da mujallar European Journal of Immunology ta fitar a 2017, 2019 da 2021, masu marubuta ɗaruruwa, kowa ya kwashi ambaton. Ware na korona na 2020 da 2021 ma, lokacin komai ya kumbura. A abin da ya saura, ƙirga inda sunansa ya zo ƙarshe, su ne aikin ɗakinsa. Sai ki zuba su a shafin iCite na NIH, hukumar binciken lafiya ta Amurka, kyauta ne, ki duba RCR, ma'aunin da ke gwada ambaton takarda da na sauran takardun fanninta: 1.0 shi ne matsakaicin takardun da NIH ta ɗauki nauyi a fannin. Ki leƙa PubPeer, shafin da ake tona kurakuran takardu, da sunan kowannensu.

Malam Zinder: Kuma Scholar na haɗawa da kundin digiri da takardun da ba a tantance ba. A Scopus, wani rumbun ƙirga ambato, lambar za ta sauka.

Baban Twins: Duk lissafin banza ne in ba a tambayi ɗalibai ba. Akwai wata yarinya da ta shekara uku a wani babban ɗaki tana haɗa ɓeraye. Cikin ɓera mako uku, a jira mako shida zuwa takwas su balaga, a sake haɗawa, shekara ta tafi kafin gwajin farko. Ita ta tsara rinin ƙwayoyin, ita ta kwana gaban injin tantance su. Da takarda ta fito, sunanta na huɗu, wani da ya zo daga baya ya hau na farko saboda shi ke neman kujera. Farfesan sau biyu a wata ba ta ganinsa. Ambato ya shiga asusunsa, ita ta fita da kundi kawai. Ummu, ki samo sunayen ɗaliban farfesan naki biyar da suka gama, ki ga nawa ne suka zo na farko a takarda.

Ɗan Lab: Allah sarki. Ni h-index ɗina 2, ɗaya ma ni na ambaci kaina 😂

Anti Likita: Ɗakin matashiyar ma da nasa haɗarin. Niutirofil ba ya jure daskarewa, dole a yi aikinsa cikin 'yan sa'o'i da ɗibar jini, ba kamar PBMC (wasu fararen ƙwayoyin jini) da ake rabawa da sinadarin Ficoll a daskarar cikin sinadarin DMSO kashi 10 ba. Tambaye ta: jinin daga ina yake zuwa, sau nawa a mako, kuma kwantiraginta shekara nawa ya rage?

Malam Zinder: Ki tambayi wa ke biyan kuɗin bugawa. Frontiers in Immunology dala 2,950 ne.

Baban Twins: Tsohon farashi ke nan, Malam, ya haura 3,000. Nature kuwa Yuro 9,500 ta yanka a 2021.

Anti Likita: Wannan na buɗaɗɗen karatu ne, wato kowa ya karanta takardar kyauta. In aka bi hanyar masu rajista, inda mai karatu ke biya, a Nature Immunology, ba sai an biya shi ba.

Injiniya A.: A fanninmu mai 19 ma babba ne. Ni dai na ce a bi lamba.

Baban Twins: Ranka ya daɗe, wanda bai taɓa riƙe bututun jini ba ya bar mana wannan. Ba a gwada lambar wani fanni da ta wani.

Injiniya A.: To ku masu riƙe bututun, kun ba ta amsa?

Malam Zinder: Lamba ba ita ce komai ba: takardar masu bincike Karikó da Weissman ta 2005 a mujallar Immunity ta daɗe ba a damu da ita ba, ga shi sun ɗauki Nobel a 2023.

Ɗan Lab: Je ka faɗa wa kwamitin ƙarin girma haka. Su ƙirga suke yi, shi ya sa ake yanka aiki ɗaya gida uku, ga kuma "sa sunana, in sa naka".

Baban Twins: Har da wanda bai san ƙofar ɗakin ba, don kawai firjin da ke ofishinsa aka ajiye samfur.

Ummu Sadiq: Na gode. Anti, na duba: a shekara biyar farfesa na da 9 da sunansa a ƙarshe, ita 6. Yanzu fa?

Ɗan Lab: Baban Twins, ai mai firji da sauƙi. Mai janareto fa?