Akwatin giya mai canji biyu na mutum-mutumin gasa: mu ƙera ko mu saya?

Malamar Kimiyya ta rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka riga mu daɗewa a wannan harka. Ni ce ke kula da wata ƙungiyar ɗaliban sakandare da ke shiga gasar mutum-mutumi ta FIRST Robotics Competition, kuma bana za mu shiga karo na uku. Bara mun yi amfani da akwatin giya mai gudu ɗaya, da injinan lantarki samfurin CIM biyu a kowane gefe, da tayoyi 'yan inci 4, sannan ragin giyar kusan 6 da 1 ne, wato sai inji ya juya sau shida kafin taya ta juya sau ɗaya. Ɗalibai ne suka zaɓi wannan ragi domin suna son gudu, kuma gudun kam mun same shi. Matsalar ita ce duk lokacin da wani mutum-mutumi ya tare mana hanya aka shiga turereniya, sai wutar batir ta faɗi, na'urar sarrafawa ta yanke wa injinan wuta, mu tsaya cak ana tura mu inda aka ga dama.

Yanzu ɗalibai sun dage cewa maganin abin shi ne akwatin giya mai canji biyu, ɗaya ta gudu ɗaya ta ƙarfi, kuma biyu daga cikinsu suna ɗokin su zana shi su ƙera da hannunsu. Kayan aikinmu ba su wuce injin huda ƙarfe da ƙaramin injin feƙe ƙarfe ba, ba mu da injin yanka mai aiki da kwamfuta. Shin da gaske canjin giya ne zai raba mu da wannan matsala? Idan kuwa haka ne, mu ƙera ko mu sayi wanda aka riga aka haɗa? Ba na son in kashe wa yaran gwiwa, amma kuma ba na son mu je fili da abin da zai ba mu kunya.

Injiniya Mai Ritaya ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malama. Kafin a kai ga maganar saye ko ƙira, ya kamata ki zaunar da ɗaliban su yi lissafin abin da ya faru da ku bara, domin lissafin gajere ne, kuma shi zai nuna musu inda gizo ke saƙar.

Injin CIM yana juyawa kusan sau 5,330 a minti idan ba ya ɗauke da kaya, idan kuma aka danne shi ya kasa motsi yakan ja wuta har amfiya 131 a kan bolt 12. Da ragin 6 da 1 da taya 'yar inci 4, mafi girman gudunku a takarda kusan mita 4.7 ne a daƙiƙa, a fili kuwa zai ɗan gaza haka. To, mu ɗauka nauyin mutum-mutuminku da batir da matasan kariya ya kai kilo 68, kuma tayoyinku suna kama kafet sosai, har sai turin ya yi daidai da nauyin nan kafin su fara zamewa. Idan aka raba wannan aiki tsakanin injina huɗu, aka kuma ƙara ɗan abin da ke salwanta tsakanin haƙoran giya, za ki ga kowane inji yana buƙatar kusan amfiya 90 kafin tayoyi su zame. Injina huɗu ke nan sun doshi amfiya 360, daga ƙaramin batir mai bolt 12 da babban makatsin wuta na amfiya 120. Batirin ba zai iya riƙe ƙarfinsa a wannan hali ba, kuma na'urar roboRIO mai sarrafa mutum-mutumin tana yanke wa injina wuta da zarar ya faɗi zuwa wajen bolt 6.8, domin ta ceci kanta daga mutuwa gaba ɗaya. Abin da kuka gani ke nan.

Yanzu a maimaita lissafin da ragin 14 da 1. Gudu zai sauko zuwa kusan mita 2 a daƙiƙa, amma kowane inji zai tsaya a wajen amfiya 40 a daidai lokacin da tayoyi za su fara zamewa, kuma 40 ɗin nan ita ce girman makatsin wutar da ke kan layin kowane inji. Wannan shi ne ainihin amfanin ƙaramar giya: tayoyi su zame tun kafin injina su shaƙe. Mutane da yawa suna zaton ƙaramar giya tana ƙara ƙarfin turi ba iyaka, alhali nauyin mutum-mutumi da kamun taya ne suka yanke iyakar. Duk ragin da ya wuce wannan gaɓa gudu kawai yake ci.

Saboda haka ɗalibanki ba su yi kuskure ba, canjin giya yana magance abin da ya same ku. Sai dai ba shi kaɗai ne magani ba, kuma filin gasar bai wuce kusan mita 16 da rabi a tsawo ba, don haka a tambayi kai sau nawa ne a cikin wasan kusan minti biyu da rabi mutum-mutumin yake samun sararin kaiwa ƙarshen gudunsa.

Maƙerin Ƙarfe ya amsa:

Malama, ni ta ɓangaren ƙira zan yi magana, kuma ra'ayina a fili yake: da kayan aikin da kika lissafa, ku saya.

Dalilina na farko shi ne tazarar da ke tsakanin sandunan giya. Yawancin giyoyin da ake amfani da su a wannan gasa masu ma'aunin haƙori 20 ne, kuma ana samun tazarar ne ta hanyar haɗa adadin haƙoran giyoyin biyu a raba da 40. Giya mai haƙora 60 da mai 24 sun ba da 84, wato inci 2.1, kuma bisa al'ada ana ƙara kusan inci 0.003 domin haƙoran su sami wurin numfashi. Ki duba ƙanƙantar wannan ƙari. Idan ramin boris ya kauce da ɗan abin da ido ba ya gani, ko dai giyoyin su cije su riƙa cin wuta suna zafi, ko su yi sako-sako haƙoran su riƙa gugar juna a baki har su ƙare. Injin huda na hannu ba ya ba da wannan daidaito a kan faranti biyu da dole ramukansu su fuskanci juna. A akwati mai canji biyu kuwa abin ya ninka, domin giyar gudu da giyar ƙarfi a kan sanduna biyu ɗaya suke zaune, don haka dole jimillar haƙoransu ta zo ɗaya: idan ta ƙarfi 60 da 24 ce, ta gudu za ta iya zama 44 da 40, kuma bambancin da ke tsakaninsu ya zama kusan ninki 2.27.

Na biyu shi ne abin da ke yin canjin kansa. Iri biyu ne suka fi yawa. Akwai mai makulli, inda wani guntun ƙarfe mai 'yan haƙora yake zamewa a kan sanda mai kusurwa shida, ya faɗa cikin ramukan da aka sassaƙa a jikin giyar dama ko ta hagu, ya kulle ta da sandar. Akwai kuma mai ƙwallaye, inda wani siririn ƙarfe da ke tafiya a cikin cikin sandar yake turo ƙananan ƙwallayen ƙarfe waje su shiga ramukan giyar da ake so. Mai makulli ya fi sauƙin fahimta da gyara, ɗalibi yana iya ganin abin da ke faruwa da idonsa, amma yakan yi gardamar fita idan injina suna danne da shi. Mai ƙwallaye ya fi saurin canji ana cikin tafiya kuma bai cika cin wuri ba. Dukansu biyun suna buƙatar sassaƙa da ƙarfe mai tauri waɗanda ba a yi da ƙaramin injin feƙe.

Na taɓa taya wasu ɗalibai ƙera nasu. Ya yi aiki lafiya lau a kan tebur, amma a wasa na huɗu makullin ya tsaya a tsakiya, bai kama ta gudu ba bai kama ta ƙarfi ba, gefe ɗaya na mutum-mutumin ya mutu, ya riƙa zagaya wuri ɗaya har aka tashi. Da muka kwance sai muka tarar ɗan kaucin da ke tsakanin faranti biyun ne ya sa sandar ta karkace. Laifina ne, domin ni na ce musu zai yiwu.

Kamfanoni irin su AndyMark da West Coast Products sun daɗe suna yin irin waɗannan akwatuna domin wannan gasa musamman. Lokacin saye ki tabbatar akwatin yana karɓar irin injin da kuke da shi da adadinsa, yana da wurin ɗaura na'urar ƙidayar juyi, kuma ana samun giyoyin canji daban idan kuna son sauya ragi daga baya. Ki sayi makulli ko ƙwallaye na ajiya tun a odar farko. Su kuma ɗaliban nan biyu, ki ba su aikin zana faranti da zaɓen ragi na wani akwati mai gudu ɗaya, na hannun ɗaga kaya misali, inda kuskure ba zai tsayar da tuƙi ba.

Tsohon Direban Ƙungiya ya amsa:

Da izinin manyana, ina da ɗan saɓanin ra'ayi. Na tuƙa mutum-mutumi mai canji biyu shekara biyu, kuma gaskiyar magana ita ce a mafi yawan wasanni ban canja giya fiye da sau ɗaya ko biyu ba, wani lokaci ma a tsakiyar hayaniya mantawa nake yi da maɓallin. Sannan canjin yana zuwa da kayansa: silindar iska a kowane akwati, da bawul, da tankin ajiya mai matsin iska na psi 120 da ake ragewa zuwa 60 kafin ya isa silinda, da kwamfuresa wadda ita ma batirin take sha. Idan mutum-mutuminku ba ya amfani da iska a wani wuri, wannan nauyi ne da wurin yoyo da kuka ƙara saboda abu ɗaya tak.

Na'urorin sarrafa inji na yanzu, irin su Talon SRX da SPARK MAX, suna ba da damar ƙayyade wutar da inji zai ja daga cikin manhaja. Da kun sa iyaka bara, da wutar ba ta faɗi haka ba. Kuma tun da injina marasa burushi irin NEO da Falcon 500 suka shigo, ƙungiyoyi da yawa sun koma gudu ɗaya, wasu kuma sun koma tsarin da kowace taya ke juya fuskarta da kanta, inda ake kauce wa mai tare hanya maimakon a tsaya turereniya da shi. Shawarata, Malama, ku gwada ragi matsakaici, wajen 8 ko 9 da 1, tare da iyakar wuta, kafin ku kashe kuɗi.

Injiniya Mai Ritaya ya sake amsawa:

Ɗana ya faɗi gaskiya, amma a cika maganar domin kada ɗalibai su ɗauka iyakar wuta kyauta ce. Ƙarfin juyin inji yana tafiya ne daidai da wutar da yake ja. Idan aka tsayar da CIM a amfiya 40 a kan ragin 6 da 1, batir zai tsira, amma turin ba zai kai rabin abin da tayoyin za su iya ba, wato ba za ku mutu a fili ba, sai dai har yanzu za a tura ku. A ragin 9 da 1 turin zai kai kusan kashi biyu cikin uku, gudu kuma ya tsaya a wajen mita 3 a daƙiƙa. Ko wannan ya isa ko bai isa ba, wasan shekarar ne zai faɗa, kuma ba a bayyana shi sai farkon watan Janairu.

Malamar Kimiyya ta amsa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na ba ɗalibai lissafin Injiniya sun maimaita da kansu, kuma da suka ga amfiya 360 a kan allo gardamar ta ragu. Mun tsayar cewa kafin Janairu za mu sa iyakar wuta a mutum-mutumin bara, mu sauya ragin zuwa wajen 9 da 1, mu gwada turi a kan kafet muna duba yadda batir ke faɗuwa. Idan wasan bana ya zo da fili buɗaɗɗe da tare hanya mai yawa, za mu sayi mai canji biyu. Saura tambaya ɗaya ga Malam Maƙeri: idan iska ta ƙare ana cikin wasa, a wace giya akwatin zai tsaya?

Maƙerin Ƙarfe ya amsa:

Ya danganta da yadda kuka haɗa shi, Malama. Idan silindar mai tafiya da iska ta ɓangare biyu ce, to da iska ta ƙare babu abin da ke riƙe makullin, yana iya zamewa ya tsaya a tsakiya. Idan mai sifirin ce a ciki, za ta koma gefen da sifirin yake turawa, don haka ku ɗaura ta yadda wannan gefe zai zama giyar da direbanku zai iya ƙarasa wasa da ita. Ku haɗa silindun gefe biyun a kan bawul ɗaya domin su canja tare, kuma kafin kowane wasa ku ɗaga mutum-mutumin a kan katako, ku canja giya sau da yawa tayoyi suna juyawa a hankali, kuna saurarar ƙarar kowane gefe.