Don Allah a karatun jestiyo wane darasi ne ginshiƙi, wane ne ciko?

Ɗan Zango:

Assalamu alaikum ƴan uwa, ina wuninku. Ni dai bana Allah ya ba ni bak D, alhamdu lillahi, to yanzu maganar inda zan dosa ce ta hana ni barci. Raina yana kan jestiyo, wato karatun tafiyar da kasuwanci, ko kwantabilite, wato riƙe lissafin shiga da fitar kuɗi, saboda tun ina firamare nake zama rumfar babanmu a kasuwar Dole ta Damagaram, wake da gero yake saye yana tarawa, wani lokaci ya ɗora mota zuwa Dawanau. Amma kawuna ya ce wai ɓata lokaci ne, ba a koyon kasuwa a kan benci, su da ba su taɓa taka lakwal ba ga su nan da gidaje da motoci. Na karɓo takardar darussan shekarar farko wajen wani abokin yayana, na ga kwantabilite, lissafin kuɗi, istatistik, ekonomi har kala biyu, doka, marketin, kwamfuta, har da Ingilishi, kaina ya ɗaure wallahi. Wane ne ainihin karatun a cikin tarin nan, wane ne kuma aka sa don a cika takarda? Sannan mai bak D zai iya bin ƴan G2 kuwa, an ce su tun lise suke cin kwantabilite. Yayyena da kuka riga mu ku taimaka.

Kwantabul na Sabon Gari:

Wa alaikumus salam ƙanena, barka da arziki, Allah ya sa albarka. Ni ma da D na shiga, a Yamai na yi lisans ɗina a Abdou Moumouni, yanzu ina riƙe wa wani mai motocin sufuri lissafi nan cikin gari. Maganar ƴan G2 kar ta dame ka, samestir ɗin farko za su sha gabanka har ka ji kamar ka tattara ka dawo gida, suna jero lambobin kwant, wato asusun da ake rubuta kowane irin kuɗi a ciki, da ka kamar mai jan carbi, amma da an shiga lissafi da istatistik su ne za su riƙa sallama a ƙofar ɗakinka da kaye a hannu. Sai ku yi ba ni gishiri in ba ka manda.

Ginshiƙi kuwa kwantabilite ce, duk wanda ya gaya maka wani abu daban ka ce ya zo mu zauna. Ita kuma a kan abu ɗaya take tsaye, duk kuɗin da ya motsa sau biyu ake rubuta shi, inda ya shiga da inda ya fito, debi da kiredi ke nan. Tun 1494 wani ɗan Italiya Luca Pacioli ya rubuta tsarin kuma har yau ba a samu wanda ya fi shi ba. Bari in yi maka misali da rumfar baba. Mu ce ya sayi wake buhu 50, kowane jika 20, miliyan ɗaya ke nan, ya ba da 400.000 hannu saura sai bayan kasuwa biyu. A kayen baba abin da za ka tarar shi ne “wane yana bi na ɗari shida”, shi ma in an rubuta. A namu kuwa 601 sayen haja debi miliyan ɗaya, 571 kes kiredi 400.000, 401 mai ba da kaya kiredi 600.000. Hagu da dama dole su yi kunnen doki, in ba su yi ba to akwai inda dala ta maƙale kuma ba barci sai ka gano ta. Na taɓa yin kwana biyu ina neman 270, har na fara zargin yaron kes a raina, Allah ya yafe min, ashe ni ne na rubuta 630 a wurin 360. Tun ranar in na ga bambancin yana rabuwa da 9 na san lamba na juya.

Lambobin nan ba ni na ƙirƙiro su ba, tsarin SYSCOHADA ne na ƙasashe 17 da ke cikin OHADA, ƙungiyar daidaita dokokin kasuwanci a Afirka, wanda aka yi wa gyara ya fara aiki ranar 1 ga Janairu 2018. Wato abin da ka koya nan shi ne a Kwatano, shi ne a Abijan da Dakar har Duwala. Najeriya ce ba ta ciki, su nasu daban.

Amma wadda za ta fi ba ka daɗi ita ce analitik, galibi sai shekara ta biyu, wadda ke fitar da nawa kaya suka tsaya maka. Buhun nan na jika 20 baba ya sayar 24 ya ce ya ci jika 4, to ina ƴan dako 200, ina mota 1.500, buhu fanko 300, maganin ƙwari da hayar magaza 500, abin da aka zubar a hanya 500, ka ga ya tsaya 23.000, ribar jika ɗaya ce tak, ba a ma sa ladan zamanka a rumfa ba. Haka mai gidana, kamyo na miliyan 15 in aka ce shekara 5 zai yi to kowace shekara miliyan 3 ta narke ko ya so ko bai so ba, shi ake kira amortisma, sai da na yi wata shida ina fama kafin ya yarda wannan kuɗin ba nasa ba ne na motar gobe ne.

Maman Biyu:

Kwantabul ka yi magana amma ka ja ruwa gonarka da yawa, hhh. Ɗana ni BTS na yi a wata lakwal mai zaman kanta, yanzu atamfa da leshi nake sayarwa a gida da WhatsApp, kuma abin da ya cece ni lissafin kuɗi ne, darasin da muka fi tsana, mushen ma ba ya dariya. Na je wata kes, irin ƙananan bankunan nan, neman bashin miliyan ɗaya gabanin salla aka ce min ai 2 cikin 100 ne kacal a wata, da jin 2 sai ka ce kyauta, na dawo gida na ɗauki biro, in ruwa mai sauƙi ne 240.000 a shekara, in kuma ruwan yana haihuwa ya kai wajen 268.000. Wannan ma ba shi ne tarkon ba, tarkon shi ne kowane wata kana mayar da wani abu daga uwar kuɗin amma su suna ci gaba da lissafa ruwa a kan miliyan ɗin farko kamar ba ka biya ko dala ba, in ka auna da kyau ya kusa ninki biyu na abin da aka faɗa maka. Na koma na tambaye su a kan saura kuke lissafi ko a kan na farko, sai yarinyar ta ɗaga kai ta dube ni. Ban karɓa ba dai, adashe na shiga.

Abu na biyu da nake so ka riƙe, riba daban kuɗi a hannu daban. Wata shekara kayena ya nuna na ci riba mai kyau amma ranar da zan aika wa mai kayana na Kwari ko jika 50 babu a jaka, duk suna wajen matan unguwa, wannan sai albashi ya fito waccan sai mijinta ya dawo daga Agadas. A lakwal trezoreri suke ce masa, mu kuwa cewa muke kuɗi sun shiga daji.

Baban Almajirai:

To ni fa ina bayan kawunka da rabi. Shekarata 30 ina bin hanyar Matamaye zuwa Kano, ban ga takardar da ta koya wa mutum gane wake mai ƙwari da hannu ba, ko gane wanda zai ci amanarka tun daga gaisuwa. Yara nawa suka zo mana da lisans ko cinikin tiya ba su iya ba, kunya suke ji. Amma in faɗi gaskiya ta Allah, a 2023 da aka saki naira ta rikito, ga iyaka an rufe bayan juyin mulkin Yuli, mun sayar da kaya a Kano da riba a baki, kafin mu canjo zuwa sefa uwar kuɗin ma ta rame. Ɗan ƙanwata da ya yi ekonomi a Tawa shi ya zaunar da ni ya ce kawu sefa a ɗaure take da yuro, yuro ɗaya sefa 655,957, wato wajen 656, ba ta motsi, babban bankinmu BCEAO ke riƙe da ita, naira kuwa kasuwa ce ke yanka mata farashi, don haka ranar da ka sayar ranar za ka canja, kar ka kwana da ita. Da na ji wannan da wuri da ban yi asarar da na yi ba. Yaro ka yi karatunka amma duk hutu ka dawo rumfa, ranar Alhamis ta cin kasuwa kar a neme ka a rasa. Kuma ku masu boko wannan lissafin ruwan da kuke koyo, ya matsayinsa a addini? Ni shi ke daɗa sa ni ɗari-ɗari.

Maman Biyu:

Baba ai sanin lissafin ne ya hana ni ci da bayarwa, da ban iya ba da na sa hannu. Kuma yanzu ana koyar da harkar kuɗi ta Musulunci, irin murabaha inda banki zai sayi kayan ya sayar maka da ribar da kuka yi yarjejeniya tun farko, da mudaraba inda wani ya kawo jari wani ya kawo ƙarfinsa a raba riba, wanda dama shi kuke yi da yaranku a kasuwa sunan ne kawai ba ku sa masa ba. Hukunci dai na malamai ne, ni ba zan shiga hurumin da ba nawa ba.

Na Birni 227:

Duk kun manta da darasin da ɗalibai ke gudu suna zuwa shan shayi, doka da fiskalite, wato harkar haraji. Ƙanena ranar da ka fito ba wanda zai tambaye ka ma'anar ekonomi, abin da alhazan garin nan za su kawo maka shi ne takardar lanho da ba su gane ba. Ka san yadda ake yin RCCM da NIF, wato rajistar kasuwanci da lambar haraji, ka san bambancin mai kasuwanci da sunansa da mai kamfani irin SARL, domin na farko in bashi ya ci shi har gidansa ana iya bi, na biyu kuwa a ka'ida iyakarsa abin da ya zuba. Ka iya TVA, harajin da ake ɗorawa a kan farashin kaya, 19 cikin 100 ce a ƙasar nan, kuma ga inda ake kama mutane a gwajin ɗaukar aiki, a ba ka faktir ta 119.000 da TVA a ciki a ce fitar da ita, sai ka ga mai mastar ya buga 19 cikin 100 na 119.000 ya kawo 22.610, alhali raba wa 1,19 ake yi, kaya 100.000 TVA 19.000. Da idona na ga an tashi mutum a kan wannan.

Manajman kuwa za a ba ku Fayol, Bafaranshen nan na 1916, hange da tsarawa da ba da umurni da haɗa kan aiki da bin diddigi, ka haddace ka ci jarrabawa, amma ba ka gane shi sai ranar da aka ba ka mutum biyar kuma biyu daga ciki sun girme ka. Marketin ma haka, abu huɗu ne, kaya da farashi da wurin sayarwa da talla, mai kilishin tasha ya san su duka. Ban ce ciko ba ne, na ce dai ba su ne za su kayar da kai ba. Excel kam kar ka yi wasa da shi, da Sage, manhajar kwantabilite, in ka samu mai nuna maka, Ingilishi kuma ai mu da Kano ke bayan gidanmu ba sai an roƙe mu ba. Wajen zaɓen wuri ka fara leƙa IUT, cibiyar koyon fasaha ta jami'ar André Salifou nan gida ka ga sassan da suke da su kafin ka ɗauki jaka, Tawa da Yamai suna da fakilte ta ekonomi da jestiyo, lisans shekara 3 ce mastar 2.

Ɗan Zango:

Kai jama'a na gode, Allah ya bar zumunci. Yaya Kwantabul jiya da dare na ɗauko kayen baba na gwada lissafin nan naka a kan lodin wake na ƙarshe, sai na tarar kuɗin dako da na magaza ba a taɓa rubuta su ba ko sau ɗaya, daga aljihu yake fiddawa. Na nuna masa ya yi shiru can ya ce to daga gobe kai za ka riƙa rubutawa, kawu kuma yana gefe yana cewa ai dama ya san da haka. Baban Almajirai na ji maganar Alhamis, in sha Allahu. Tambaya ɗaya ta rage, in baba ya ɗebi gero buhu ɗaya daga magaza aka kai gida don tuwo, a wane kwant zan sa shi, ko shi ba a rubutawa tunda nasa ne?

Kwantabul na Sabon Gari:

Ana rubutawa mana, 104 ne, kwant ɗin mai dukiya, duk abin da ya ɗiba don gida can yake shiga, har kuɗin cefane da na kabu-kabunka. Ka ware masa shafi guda a bayan kayen, amma ka bari sai ya ci abincin dare kafin ka nuna masa jimillar wata.