Cinikin mota ta hannu: abin da aka ce a majalisa

Jiya bayan la'asar a majalisarmu ta Jekadafari, zancen cinikin mota ta hannu aka sha. Kowa ya yarda ka tafi da bakanikenka, ba na dillali ba, kuma da sassafe kafin a ɗumama inji, lokacin da hayaƙi da ƙara ba sa ɓuya. Wani tsohon direba ya ce ka bi jikinta da maganaɗisu. Inda bai kama ba a jikin ƙarfe, wataƙila ciko aka yi bayan haɗari, nan za ka nemi ragi. Ka taya ƙasa, in an ce albarka ka juya, sau da yawa za a kira ka. La'ada ce ta jawo gardama. Ni dai na ce a yanke ta tun farko. Ka kuma tabbatar lambar shasi, wato lambar da aka buga a jikin motar, ta dace da takardun kwastan.