Neman shawara: ƙanwata 'yar SS2 na son barin ajin kimiyya saboda rubutu

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ƙanwata ce, shekararta 15, tana SS2 ajin kimiyya a nan Kano. Yarinya ce mai kai, ba ta wuce ta uku a aji. To rubutu ya shiga ranta, har ta cika littafin rubutu mai falle 80 guda shida da labari ɗaya, da Hausa. Yanzu ta ce ajin adabi za ta koma don ta zama marubuciya, Baba kuma likitanci yake mata fata. Wani kawunmu ya ce zai ba da kuɗi a buga labarin, ƙawayenta kuma na zuga ta ta riƙa sakin sa a zaurukan WhatsApp. A bar ta ta sauya ajin? A buga? Masu sani ku taimaka.

Malamar sakandare: Wa'alaikumus salam Malam. Ka raba maganar gida biyu, don yarinyar ta cakuɗa su. Zama marubuciya daban, kwas ɗin jami'a daban. Babu mai tambayar marubuci takardar shaida kafin ya karanta labarinsa, amma likitanci ƙofa ɗaya gare shi: Turanci, Fizik, Kemistiri da Bayoloji a JAMB, da kiredit ɗinsu a WAEC ko NECO. Idan ta bar ajin kimiyya yau, dawowa sai da asarar shekara. Idan ta zauna, alƙalaminta na hannunta. Abin da za ku yi shi ne ku tabbatar Hausa na cikin darussan da za a yi mata rijista, ta kuma ɗauke ta da gaske. Idan jadawalin makarantar ya ba da dama, ta riƙa shiga darasin Adabin Turanci. Kafin ku yanke komai ku buɗe kundin kwasa-kwasan JAMB na bana ku ga sharaɗin kowace jami'a, saboda suna bambanta.

Malami a sashen harsuna: Malama, ina tare da ke a rabi. Amma a tambayi yarinyar tukuna: son rubutu ne ya ja ta, ko Kemistiri ne ya kore ta? A ɗauko sakamakonta na zango uku a duba. Idan makin kimiyyarta na sama, ta zauna. Idan da ƙyar take haurawa, Turanci da Hausa ne ke ɗaga ta, to a sauya yanzu a SS2, kada a kai SS3. Makarantu na tura wa WAEC makin gwajin aji na tun SS1, don haka sauyin ƙurarren lokaci yakan jawo rikici wajen rijista, ga kuma littattafan adabi da aka wajabta waɗanda ba a haɗiye su a wata uku.

Sannan Malam, ka gaya mata gaskiyar abin da ake koyarwa. Digirin Hausa a Bayero, ko Ahmadu Bello ta Zariya, ko Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, ya ƙunshi nahawu, tsarin sauti, ginin kalma, adabin baka, waƙa, al'ada da fassara. Ƙagaggen labari yanki ne kawai, kuma nazarinsa aka fi yi. Ɗalibai da yawa kan shigo da zaton za a koya musu rubuta littafi, sai su tarar da karin sauti da tsawon wasali. Yana da amfani ƙwarai, musamman ga mai son aikin jarida ko fassara, amma ta san abin da za ta tarar.

Mai gyaran rubutu: Maganar bugu dai a jingine ta, kawu ya riƙe kuɗinsa. Falle 80 shafi 160 ne. In ka ƙiyasta kalma 120 a shafi, littafi shida ya haura kalma dubu ɗari. Labarin farko na mai shekara 15 da ya kai wannan tsawo, kusan kullum ciwonsa iri ɗaya ne: taurari sun yi yawa, gaisuwa da kwalliya da girki sun cinye shafuka, matsalar labarin ba ta ɓullo ba sai a littafi na biyu, ƙarshe kuma a gaggauce, a kashe wani da haɗarin mota don a huta. Ba laifinta ba ne, irin abin da take karantawa a waya ke nan.

Ga aikin da za ta yi. Ta ajiye littattafan wata guda ba ta buɗe ba. Bayan nan ta rubuta labarin gaba ɗaya a shafi ɗaya tak: wace ce tauraruwa, me take so, wa ya tare mata hanya, me ta rasa kafin ƙarshe. In ya ƙi shiga shafi ɗaya, ginin ne bai tsaya ba. Sai ta bi babi-babi ta rubuta jimla ɗaya kan abin da ya sauya a kowanne. Babin da babu abin da ya sauya a cikinsa, a cire shi ko da ta fi ƙaunarsa.

Amma abin da zai fi gina ta shi ne gajeren labari, kalma 1,000 zuwa 1,500, guda ɗaya a wata, taurari kada su wuce uku. A nan ake koyon kammalawa. Kowane labari ta karanta shi da ƙarfi. Inda harshenta ya sarƙe, jimlar ce ba ta yi ba, inda kuma 'yar ƙauye ke magana kamar mai karanta labarai a rediyo, kunne zai kama.

Sai ƙa'idojin rubutu, inda masu hazaƙa ke zubewa a gaban alƙalan gasa. "Yana", "tana", "yake" a haɗe suke. "Za ta", "ba shi", "ita ce" a rabe. "Littafinta" a haɗe, "littafin nata" a rabe. "A kan tebur" daban da "akan yi haka". Haruffa masu ƙugiya kuma ba ado ba ne: "kafa" da "ƙafa", "daki" da "ɗaki". Ku samo mata malamin Hausa ya bi shafi biyar da jan biro, kurakuran da suka maimaitu ta jera su a bangon littafi ta riƙa dubawa.

Mai aikin ɗab'i: Ranka ya daɗe, kalma dubu ɗari a girman A5, wato rabin farar takardar A4, za ta kai shafi 350 ko fiye. Takarda ce ke cin kuɗin, kuma inji ba ya sauƙi sai an buga da yawa, 500 zuwa 1,000. Ana gama bugu matsalar ke farawa, don kasuwar littafin takarda ta ja baya tun da karatu ya koma waya. Kwalaye ne za su zauna a ƙarƙashin gado. In ana son ƙarfafa mata gwiwa, a buga kwafi 10 ko 20 na gajerun labaranta da injin dijital, shafi 48 ko 64, takardar ciki mai nauyin giram 70, bango mai giram 250 da leda. Ranar da za a yi na kasuwa, lambar shaidar littafi, wato ISBN, daga Ɗakin Karatu na Ƙasa ake karɓa, a kai musu kwafi uku, a Kano kuma Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i na da hurumi a kan littattafai.

Wata marubuciya: Yaya, WhatsApp ɗin nan a'a. Shafi ya fita, an cire sunanta an tura gaba, gobe ka ji ana karanta shi a YouTube wani na karɓar kuɗi. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ta kare rubutu tun daga lokacin da aka rubuta shi, ba sai an yi rijista ba, amma bin ɓarawon da ba ka san fuskarsa ba wahala ce. Ku adana littattafan hannun nan da kwanan wata, su ne hujja. Ga wata illar: masu karatu na matsa wa marubuciya kullum sai ta saki shafi, suna neman a ƙara yaji, yarinya 'yar 15 ta tsinci kanta tana rubuta abin da bai dace da ita ba, ga karatu ya tafi. Kuma duk wanda ya zo da yarjejeniyar saye ko ta fim, waliyyinta ne zai karanta ya sa hannu.

Inda za ta samu masu gyara: Ƙungiyar Marubuta ta Nijeriya, ANA, na da reshe a Kano da ke zaman karatu, ka kai ta da kanka. Gasar Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka fara a 2016 don mata zalla, gajeren labari take karɓa, sai dai ta jira ta cika 18. Kafin nan ta saurari labaran da suka yi nasara ta ga yadda ake shiga magana tun sakin layi na farko. Lokacin rubutu kuma a yanka mata: minti 30 bayan ta gama bitar makaranta, da safiyar Asabar. Wata biyu kafin WAEC a rufe gaba ɗaya.

Mai tambaya: Allah Ya saka da alheri. Makin kimiyyarta na da kyau, don haka za ta zauna. Saura guda: wayar gidan ba ta fitar da ƙ da ɗ, yaya za ta buga?

Mai aikin ɗab'i: Ka shiga saitin Gboard, wato madannin rubutu na Google a waya, ka ƙara harshen Hausa, sai ta danne k, d, b ko y ta ɗan riƙe, masu ƙugiyar za su fito. Ta buga a Google Docs, kowane babi fayil ɗinsa, don in waya ta lalace aiki na nan. Ranar kai wa maɗaba'a a mayar da shi PDF, a kuma nemi kwafin gwaji a duba, domin wasu nau'o'in haruffa ba su da ƙ da ɗ, sai su fito da ɗan akwati a gurbinsu.