Wai akwai fangas ɗin da ke kare dashen turare?

Manomi_Kaduna:
Salam jama'a. Ina renon bishiyar turare a leda don dashe, to matsalar wasu tun suna ƙanana sai ka ga gindin ya yi baƙi ya sirance sun kwanta, waɗanda suka kai gona kuma gara ta bi saiwar ta cinye. Kuɗin maganin feshi ya ishe ni wlh. Wani ya ce min akwai fangas mai amfani da ake zubawa a ƙasa, gaskiya ne ko labari?

Ɗan_Gandu:
Wslm. Gaskiya ne malam, sunansa Trichoderma, funfuna ce koriya da ke zama a jikin saiwa, tana cin funfunar da ke ruɓar da gindin kuma tana tare mata wuri. A New Zealand suna sa ta a wuraren renon bishiyar fain (pine). Amma fa abu ne mai rai, in ka bar fakitin cikin but ɗin mota da rana ta Afrilu to ka sayi gawa, in kuma ka haɗa da maganin kashe fangas ka kashe kuɗinka da hannunka. A ƙasar leda ake cakuɗawa kafin shuka, wanda ya riga ya kwanta kam sai haƙuri. Sannan ka rage ban ruwa, yawanci shi ke jawo ruɓar.

Ko a nan gida ba sabon abu ba ne, fain da aka fara dasawa a ƙasar nan ƙin girma ya yi sai da aka sa masa ƙasa mai ɗauke da fangas ɗin da saiwarsa ke buƙata.

Maman_Walida:
To garar fa? ita ce tambayar ai

Ɗan_Gandu:
Hajiya gara ta fi wuya. Akwai wani fangas Metarhizium, danginsa aka yi maganin feshi Green Muscle da shi wanda aka gwada kan farar da ke cin amfanin gona a Nijar, kuma Metarhizium ɗin yana kashe gara, sai dai gara na da wayo, in wasu suka kamu sai su binne su ko su toshe hanyar wajen, shi ya sa wani lokaci ya yi aiki wani lokaci shiru. Ni ba zan ce mutum ya jingina da shi kaɗai ba.

Abban_Sadik:
Ni abin da ke ba ni haushi feshin kan mai uwa da wabi, ka kashe gara ka kashe cinnaka da tururuwar da ke farautarta, baɗi ta dawo ba mai tare ta. Ƙwaron da ya addabi mangwaro a Togo ai ɗan mitsitsin zanzaro aka kawo daga Indiya aka saki a 1987 ya yi maganinsa. Yallaɓai ka dasa da wuri in ruwa ya zauna, dashen da ya sha ƙishi shi gara ta fi kamawa.

Manomi_Kaduna:
Na gode ƙwarai. Trichoderma ɗin gari ne ko ruwa? kuma a shagon maganin gona ake samu?