Wai ya aka yi duwatsun da mutanen farko suka kafa suka tsira a tsakiyar birane?

Ɗan Gwandu:
Salamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah masu sanin tarihi ku taimaka min. Akwai wani dutse a Edinbara ta Sukotland, Caiy Stane suke ce masa, yana nan tsaye cikin unguwa ga gidaje ga kwalta ga motoci na wucewa, tsayinsa ya kusa mita 3, kuma masana na cewa an kafa shi tun wajen shekara 3000 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Abin da ya ɗaure min kai, ya aka yi magina ba su fasa shi sun yi harsashin gini da shi ba?

Malam Habu Zariya:
Wa alaikumus salam. Ai da yawa an farfasa su ɗan uwa, waɗanda ka gani su ne suka yi sa'a. Shi wannan tun 1936 hukumar adana kayan tarihi ta National Trust for Scotland ta karɓe shi, to da gini ya iso wurin sai dole aka bar masa gurbinsa. A bayansa ma akwai wasu 'yan ramuka da aka sassaƙa da hannu, har yau masana na gardama kan ma'anarsu. Amma wanda ya fi burge ni shi ne na birnin Le Mans a Faransa, dutse ne mai ruwan ja-ja sama da mita 4 da rabi, jingine da bangon babbar majami'ar Saint-Julien. Da can akwai wani kabarin duwatsu kusa da wurin, aka rushe shi a 1778, shi kaɗai ya rage. Jama'ar gari sun saba da shi ne kawai, har yanzu masu wucewa na zura yatsa cikin wani rami a jikinsa wai neman sa'a.

Maman Khalifa:
To Malam wannan zura yatsar fa ai camfi ne tsantsa, ni abin bai kwanta min ba gaskiya.

Malam Habu Zariya:
Haka ne Hajiya, zura yatsa camfi ne ba musu. Amma adana dutsen daban, neman tabarraki da shi daban. Alƙur'ani ma cewa ya yi mu yi tafiya a bayan ƙasa mu duba yadda ƙarshen mutanen farko ya kasance, in an rushe komai me za a duba?

Bahaushen Jigawa:
Ni wallahi namu ne ke damuna. A Birnin Kudu akwai zanen shanu a jikin duwatsu tun zamanin da, Dutsen Habude da Dutsen Mesa, ga duwatsun da in ka buga su suke ƙara kamar ƙararrawa, gari na ta faɗaɗa kusa da su, amma yaran makaranta nawa aka taɓa kaiwa su gani? Duwatsun Ikom na Kuros Riba kuwa, waɗanda aka sassaƙa da siffar mutane, wasu an sace an fitar da su waje, wasu wutar ƙona gona ta tsattsaga su.

Ɗan Gwandu:
Na gode ƙwarai Malam. Yallaɓai na Jigawa, in mutum ya taso daga Kano, akwai mai yi masa jagora zuwa wurin zanen ko sai ya fara bi ta fadar sarki?